Ranar da Filin Sarjan Barmo Ya Durƙusa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Ubangijin da Ya halicci dogo da gajere daga yumɓu guda, bai kuwa sanya darajar bawa a tsawon ƙashinsa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya. Ya Allah, Ka kiyaye harshena daga ƙari, Ka kiyaye mai karatu daga dariyar da za ta kai shi ga ƙwarewa.

Ya ku masu karatu, ni ce Batulu, 'yar Malam Chindo na Agiye. Abin da zan ba ku yau ya faru ne a kakar da ta biyo bayan saukar da tutar Nasara, lokacin ina budurwa, ina da zane biyu na fita unguwa, da kai guda cike da tunanin mutum ɗaya.

Mutumin nan shi ne Iro. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye a hanyar Gazawa. Ya yi karatu a zauren Baba har ya sauke, sannan ya zauna a gari wajen kawunsa mai fataucin goro. Allah Ya ba shi tsawo irin na giginya, amma kusan babu wanda ya san haka, domin ladabi ya lanƙwasa shi tun yana yaro. In ya hango dattijo daga nesa, takalmi ya riga ya koma hannu, gwiwa ta riga ta kai ƙasa. Ni kaina ban san iyakar tsawonsa ba sai wata rana da na hango shi a gona shi kaɗai, a tsaye sak, yana korar tsuntsaye. Na ce a raina, subhanallahi, ashe duk wannan nawa ne. Nan take na yi istigfari, domin ba a kai ga ba shi ni ba tukuna.

A zamanin nan babu waya a hannun kowa. Saƙonmu goro ne. Fari yana nufin ina lafiya, ina tuna ki. Ja yana nufin akwai magana, ki fito ƙofa bayan la'asar. Mai kawo mini saƙon kuwa Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyata. Allah Ya ji ƙanta, mace ce mai amana a cikin kome in banda goro. Sau da yawa rabin saƙo kaɗai ke iso ni. Wani lokaci ma sai dai in ce ta buɗe baki, in duba launin haƙoranta, in gane abin da Iro ya ce.

Gonar mahaifin Iro ba ta isa a raba ba, kawunsa kuma ya matsa lallai sai ya bi shi Kurmi fataucin goro da zarar an gama cinikin gyaɗa. Wanda ya tafi Kurmi a wancan lokacin, sai ka yi shekaru kana jin labarinsa a bakin fatake. Hanya ɗaya ta rage masa ya tsaya kusa da ni, ita ce ya sami aikin jandarma, wato ɗan sandan gwamnati mai horon soja.

A nan ne Sarjan Barmo ya shigo maganar. Tsohon soja ne wanda ya yi wa Nasara yaƙi a bayan teku, ya dawo da lambobi a ƙirji, da murya wadda in ya yi atishawa kaji ke watsewa. Da ya ji sabuwar ƙasa tana bukatar jandarmominta na kanta, bai jira kowa ya sa shi ba. Ya share wani fili a bayan kasuwar gyaɗa, ya gina zaure a bakinsa, ya tara samari yana horar da su, da fatan in an tashi ɗauka zuwa babbar lakol, wato makarantar jandarma, a fara da nasa. Bindiga babu, saboda haka ya bi gida gida ya ari taɓare. Duk safiyar Allah matan unguwarmu sai su zauna da hatsi a turmi suna jiran jandarmomin gobe su gama yaƙi. Takalma kuwa buhu guda ya samo daga Tasawa, tsofaffin na soja, kowa ya sa hannu ya zaro biyu. Iro ya zaro na hagu da na hagu.

Yadda ake shiga filin ma abin ji ne. Sarjan ya ce jandarma sai dogo, ba shi kuwa da abin awo. Sai ya mai da ƙofar zaurensa ma'auni. Wanda ya shigo goshinsa ya bugi itacen sama, ya ci. Wanda ya wuce lafiya, ya koma gida. To, Iro ba ya shiga zauren babba sai a sunkuye. Ya je, aka kore shi. Ya koma, aka sake korarsa. Sai ranar da Allah Ya nufa, yana cikin sunkuyon nan rina ta harbe shi a ƙugu, ya miƙe babu shiri, itacen ya amsa har ƙasa ta zubo daga rufi.

Sarjan ya ce, "Ina ka ɓoye wannan tsawon, ɗan banza? Wuce gaban layi!"

Tun daga ranar Iro ya zama na farko a layi. Dokar filin kuwa ita ce, abin da na farko ya yi, shi kowa zai yi, ba tambaya.

Ana cikin haka labari ya zo cewa majalisar dokoki ta Yamai ta ji ana buɗe irin waɗannan filaye nan da can, kowane tsohon soja da nasa. Sai ta naɗa komisiyo, wato ayarin 'yan majalisa, su zagaya su gani da idonsu: me ake koyarwa, wa ake ɗauka, wa ake kora, kuma da wane ma'auni. Filin da suka amince da shi, samarinsa za su wuce babbar lakol. Wanda suka ƙi, a rufe shi. Sun kuma ce dattawan gari su zauna a matsayin shaidu. Aka aiko wa Baba, shi zai buɗe taro da addu'a.

Da yammacin ranar da saƙon ya zo ina sheƙar gero a tsakar gida, Gwaggo ta tare Baba yana alwala.

"Chindo, yaron nan fa ya kusa sa kaki. Sai yaushe za ka buɗe baki?"

"Yaya, kakin ne abin tsorona."

"Ni kuwa shi ne abin sona. Ina so in shiga kasuwa a ce ga gwaggon matar jandarma, mahauci ya daina auna mini ƙashi."

Baba ya ajiye buta. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya ajiye buta a tsakiyar alwala, to maganar ta kai.

Ya ce, "Kin manta masu jar hula, 'yan sandan zamanin Nasara? Da idona na ga ɗayansu ya tsaya a kan liman da takalmi, yana kiran sunansa gatsau. Shi ma ɗan mutane ne kafin a horar da shi. Zan je filin nan. In na ga sun cire wa Iro ladabinsa, ya gan ni ya tsaya ƙiƙam yana zare mini ido, to ya nemi mata a bariki. Ba zan ba da 'yata ga ƙirji ba."

Ƙwaryar da ke hannuna ta kusa suɓucewa. Gwaggo ta waiwayo ta ce, "Ke, sheƙa kike yi ko saurare?"

Na ce, "Sheƙa, Gwaggo."

"To geron ya ƙare tun ɗazu, iska kike sheƙewa."

Washegari ta shigo da haƙora jajawur. Ban ko tambaye ta ba. Bayan la'asar na ɗaura zanena mai ruwan bula, na yafa gyale, na sa tozali kaɗan, wanda ba zai kai ga a yi magana ba, na fita ƙofa. Iro yana tsaye a gindin itacen bedi, ƙafafunsa duka biyu suna kallon gabas saboda takalman nan.

"Batulu, an wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya horo?"

"Da godiya." Ya murza hula. "Sarjan ya tara mu yau. Ya ce ranar da baƙi za su zo, wanda ya kuskura ya sunkuya wa wani, ko da kakansa ne ya taso daga kabari, ya kore shi har abada. Ya ce jandarma gaisuwarsa hannu a goshi, ƙirji a waje, ido cikin ido. Da yake faɗa, ni yake kallo."

Na ce, "Inna lillahi." Sannan na gaya masa abin da Baba ya ce.

Ya ku masu karatu, ban taɓa ganin mutum ya gajarce a tsaye kamar yadda Iro ya gajarce a lokacin ba.

Ya ce, "In na tsaya, na rasa ki."

"Haka ne."

"In na durƙusa, sai Kurmi."

"Nan ma ka rasa ni."

"To in yi rabi? In lanƙwasa gwiwa ɗaya?"

"Sai su kore ka su biyun."

"In rufe ido fa, in ce ban gan shi ba?"

"Ƙarya ke nan. Kai da ka sauke a zaurensa?"

Ya ce, "Astagfirullah." Muka tsaya muna kallon ƙasa, har wata akuya ta zo ta tsaya tare da mu.

Da na koma ciki na zayyana wa Gwaggo, sai ta ce in bar mata. Dabararta mai sauƙi ce. Filin yana bayan gari, Baba kuma yana fama da ciwon gwiwa, ba ya zuwa nesa sai a kan jakinsa. Da asubar ranar taron, kafin ya dawo daga masallaci, ta ba wata maƙwabciya aron jakin zuwa kasuwar Gazawa.

Baba ya dawo ya ga turke babu kome. "Yaya, ina jakin?"

"Na yi sadaka da bayansa na wuni guda. Ba kai ke wa'azin taimakon maƙwabci ba?"

Ya dube ta, ya dube ni. Ni kuwa na duƙufa ga dama fura kamar an ce ranar za a yi mini hisabi a kanta. Ya shiga ɗaki. Gwaggo ta ɗaga mini gira. Muka ɗauki ƙwaryar furar baƙi, aka rufe da sabon faifai, muka nufi fili da zuciya sakayau.

Gari duka ya fito. Mata sun jeru a bayan zana, rabinsu sun zo kallo, rabinsu sun zo ganin lafiyar taɓarensu. Samarin da ƙofa ta kora sun hau katanga sun zauna, gajeru reras, fuska a murtuke. Da hantsi mota ta iso, mutum biyu suka fito. Na farko Depite Nomau, wato ɗan majalisa Nomau, tsohon ɗan kasuwar fata, gajere mai tumbi, cikin babbar riga mai aiki har gwiwa. Na biyu Mushe Harouna (mushe shi ne malam da Faransanci), wanda ya koyar a lakol kafin a zaɓe shi, dogo siriri, da tabarau, da tufafin Nasara, ya ɗaure wuya da ƙyalle a cikin wannan zafi. Da aka ga Baba bai zo ba, ladan ya yi addu'a a gurguje.

Sarjan ya tare su a bakin zaure, lambobinsa suna ƙyalli, ya ce su shigo. Depite Nomau ya wuce salin alin, har da doguwar hularsa bai taɓa kome ba. Mushe Harouna yana biye yana duban sama da ƙasa, sai ji muka yi ƙum! Tabarau ya yi gefe.

Al'ada ta riga hankali zuwa bakin Sarjan. Ya nuna Mushe Harouna ya ce, "Wannan ya ci!" Ya nuna Depite Nomau. Sai ya tuna ko su wane ne, amma hannun ya riga ya miƙe.

Depite Nomau ya ce, "Ƙarasa mana, Sarjan. Ni fa?"

"Ranka ya daɗe... kai sai dai a duba wani fannin."

Da aka bayyana musu yadda ƙofar ke aiki, Mushe Harouna ya ce, yana dafe da goshi, "Wato duk wanda ke filin nan sai da ya sha wannan?"

"Kowa da kowa, mushe. Shi ya sa ba sa mantuwa."

Depite Nomau ya juya ga katanga. "Ku fa, 'yan uwana, me ya hau da ku can?"

Wani daga cikinsu ya ce, "Ƙofa ce ta ƙi mu, ranka ya daɗe. Ni har tsalle na yi, aka ce ha'inci ne."

"To ɓarawo in ya shiga rumbu, dogo ke binsa ciki ko gajere?"

Katanga ta ɗauki sowa. Sarjan ya ce a zo a ga horo, a nan ne aikin yake.

Aka shimfiɗa wa baƙi tabarma a inuwa, muka ajiye fura, muka koma bakin zana. Sarjan ya daka tsawa, "Gardabu!" Samari suka ƙame, taɓare a kafaɗa. Wallahi sun yi kyau. Iro a gaba, ya miƙe har ƙarshen tsawonsa, wuyansa kamar na zalɓe. Wata tsohuwa a gefena ta ce, "Wannan baƙo ne?" Na ce a raina, a'a, nawa ne. Na sake yin istigfari.

"An, de! An, de!" Wato ɗaya, biyu. Suka taka suka juya, suka sake takawa. Mushe Harouna ya fara gyaɗa kai. Iro yana ɗan karkata hagu saboda takalma, layin duka yana karkata tare da shi, amma da yake tare suke yi, sai abin ya zama kamar da gangan. Saura su zagayo su wuce gaban baƙi su sara, a tashi.

Sai Gwaggo ta damƙe hannuna. "Ke, duba can."

Ta gefen tarin buhunan gyaɗa, ga farin rawani yana tahowa a hankali. Baba ne, da sandarsa, yana jan ƙafa. Tun daga gida ya tako. Bai kuwa bi ta zaure ba, ya yanko ta tsakiyar fili, daidai inda layin zai wuce.

Na ga lokacin da idon Iro ya sauka a kansa. Ƙafarsa ɗaya tana sama, ta tsaya a can. Gumi ya keto masa. Sarjan yana ihu, "An, de! An, de, na ce!" Ni kuwa duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, ban sami kome a bakina ba sai addu'ar shiga kasuwa, ita na yi ta maimaitawa.

Ban san abin da Iro ya yanke a zuciyarsa ba. Abin da na sani, gwiwoyinsa ba su shawarce shi ba. Ya ajiye taɓarya, ya tuɓe takalman nan, ya zube ƙasa.

"Allah gafarta Malam, an iso lafiya?"

Doka kuwa doka ce. Na biyu ya ajiye taɓarya ya tuɓe. Na uku ma haka. Kafin ƙiftawar ido filin Sarjan Barmo duka yana durƙushe, takalma a jere, murya ɗaya: "Allah gafarta Malam, an iso lafiya?"

Baba ya tsaya ya amsa, "Lafiya lau. Ya gajiya? Ya mutanen gida?" Suka amsa. Ya tambayi iyayensu, suka amsa. Gaisuwar Baba ba ta da gajeriyar hanya.

Sarjan ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire hula ya rufe fuska. Gwaggo ta ce, "Shi ke nan, sai Kurmi. Ki fara koyon son wani." Hawaye suka cika mini ido, tozalin nan kaɗan ya zama mai yawa.

Mushe Harouna ya miƙe. "Wannan ba horo ba ne! Jandarma yana bakin aiki ya zubar da makami don ya ga tsoho? In da ɓarawo ne ya naɗa rawani fa?"

Depite Nomau ya ce, "Zauna, mushe. Ni tun da aka haife ni ban taɓa ganin mai takalmin gwamnati ya tuɓe wa talaka ba. In ba don mu ga irin wannan ba, me ya sa muka karɓi ƙasar?"

"Mun karɓe ta don a yi doka!"

"Dokar ta hana gaisuwa?"

"Ba ta hana ba, amma ba ta ce a yi ba!"

Suka yi ta yi, wannan da Faransanci rabi, wancan da rantsuwa rabi, samari na durƙushe ba wanda ya ce su tashi. Sai Baba ya ɗaga sandarsa kaɗan. Aka yi tsit.

Na zaci zai yi murna. Abin da ya nema ke nan, ya kuwa samu har da ƙari. Amma fuskarsa irin wadda yake yi ce in ɗalibi ya ba da amsa daidai da sauri fiye da kima.

Ya ce, "Ranku ya daɗe, ina neman izinin tambaya ɗaya. Mushe yana da gaskiya a wani gefe. A hanyata ta zuwa nan, da yake tafiyar ta yi tsawo," ya ɗan dubi wajen zana, Gwaggo ta noƙe, "na tuna cewa masu jar hula ma suna durƙusawa. Suna durƙusa wa wanda suke tsoro da wanda suke so, su taka sauran. Iro."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Kowa a garin nan ya san abin da kake nema a gidana. To a ce an ba ka kaki. A ce ni na yi laifi, hukuma ta ce ka kamo ni. Me za ka yi?"

Ya ku masu karatu, a garinmu saurayi ba ya haɗa ido da wanda yake neman 'yarsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya ko bin hanyar da zai bi. Ga shi an ce ya faɗi yadda zai kama shi, a gaban gari duka. Iro ya dubi ƙasa kamar yana roƙonta ta buɗe.

Depite Nomau ya ce, "Amsa, yaro. Majalisa na saurare."

Iro ya share gumi. Ya ce, "Sai in zo da sassafe, Allah gafarta Malam, bayan ka gama wuridi. In tuɓe takalmi a ƙofa. In durƙusa in gaishe ka, in tambayi jiki, in tambayi gwiwa."

"Sannan?"

"Sannan in ce, Allah gafarta Malam, miƙo hannuwan."

Wata mata a bayana ta ce, "La ilaha illallahu!"

Baba bai motsa ba. "In na ƙi fa?"

"Sai in sake gaishe ka."

"In na sake ƙi?"

Iro ya dubi gwiwar Baba. Sannan ya ce, "Sai in goya ka, Allah gafarta Malam. Saboda gwiwar. Amma sai mun je."

Wanda ya fara dariya Depite Nomau ne, tumbinsa na rawa. Katanga ta ɗauka, har ɗaya daga cikin gajerun ya faɗo. Mushe Harouna ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, ta ƙi riƙuwa. Baba kuwa, wanda ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba, ya dafa sanda da hannu biyu ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Da ƙura ta lafa, Mushe Harouna ya goge tabarau ya ce, "Doka ta ce a kawo mutum. Ba ta faɗi ko a gaba ko a baya ba. Amma makami, Sarjan, ba a ajiye shi ƙasa. In za su gaisa, su gaisa da shi a hannu."

Sarjan ya leƙo ta ƙarƙashin hula. "Wato ba a rufe ba, mushe?"

Suka koma gefe su biyu suka yi ƙus-ƙus, sannan Depite Nomau ya sanar. Za su gaya wa majalisa filin Agiye ya cancanta, bisa sharaɗi. Ƙofa ta koma aikinta na ƙofa, a kawo abin awo na gaskiya daga buro, wato ofishin hukuma, a sake gwada duk wanda aka kora, gajere kuma a duba gudunsa da hankalinsa kafin a duba goshinsa. A mayar wa mata taɓarensu, a sassaƙa na itace. A zazzage buhun takalma a haɗa kowane da ɗan uwansa. Mata suka rangaɗa guɗa, ina jin saboda taɓaren ne.

Depite Nomau ya nuna Iro. "Wannan kuma, in an tashi ɗauka, da shi za a fara. Sarjan, ka kore shi?"

Sarjan ya miƙe ya kakkaɓe wando. "Ni? Wa ya koya masa wannan amsa in ba ni ba?"

Ni dai ba wannan nake jira ba. Idona yana kan Baba. Ya gyara rawaninsa a natse, ya tako har bakin zana, bai dube ni ba, domin ba a yin haka. Ya ce, "Yaya."

"Na'am, Chindo."

"A gaya wa kawun yaron nan ya turo manya. Goron kuma a kawo shi hannuna, ba naki ba."

Na ja gyale na rufe fuskata duka. Abin da na yi a ƙarƙashinsa, tsakanina da Ubangijina ne.

Iro ya tafi lakol, ya dawo da kaki da takalma na dama da na hagu, aka ɗaura mana aure. Ba a daɗe ba, wata safiya na kai wa Baba kunu, ina durƙushe a tsakar gida ina zuba masa, sai muka ji sallama a zaure, da ƙarar takalmi ana tuɓewa a hankali. Baba ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya ce, "Yaya, ɗauko mini rawanina. Surukinki ya zo gaisuwa, na kuwa ga igiyar kamu a aljihunsa."

Ya Allah, Ka ji ƙan Baba da Gwaggo, Ka ji ƙan Sarjan Barmo da baƙin nan biyu, Ka ji ƙan maigidana, wanda ya rayu yana sunkuya wa bayinKa, bai kuwa taɓa sunkuyar da gaskiya ba. Ka yalwata kaburburansu, Ka sanya ƙofar rahamarKa ta karɓi dogonsu da gajerensu. Mai karatu kuma, Allah Ya ba ka ladabin da ba zai hana ka adalci ba, Ya sa ka gama da iyayenka lafiya. Amin.